Takalmi Lamba Arba'in da Ɗaya

Salamu alaikum jama'ar wannan shafi, masu karantawa don Allah da masu karantawa don su ga inda tsoho zai faɗi. Ina miƙa godiya ga baiwar Allahn nan da ta rubuto mini cewa mai shekara hamsin da biyu tasbaha ce ta kamace shi, ba soyayya ba. Na karɓi shawara. Na sayi tasbahar. Tana aljihun hagu, waya tana na dama, kuma in gaya miki gaskiya, na daman ya fi ɗumi.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Nasidi. A unguwar Umbadda ta Omdurman nake zaune, gidan gadonmu, ni da yayata Sakinatu da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Kakanninmu auduga suka tsinta a gonakin Jazira, ni kuma lambobi nake tsinta a kasuwar Suk al-Shabi ta Khartum, inda nake muhasib, wato akanta, a wurin Haj Ammar mai sarin sukari da mai da sabulu. Ban taɓa aure ba. Na taɓa kusa, za mu zo wurin. Wadda nake nema sunanta Mawahib, malamar firamare ce a unguwar Mayo, mijinta ya rasu da daɗewa. Dariyarta daga ido take farawa, sai daga baya baki ya samu labari. Ina ce mata Ustaza, tana ce mini Ustaz, haka muke soyayyarmu kamar taron malamai. Manya sun shiga maganar, an yi na'am, an sa rana. Saura shaila, kayan da ango ke kai wa amarya, abin da ɗaliban Kano da Damagaram masu bin wannan shafi suke kira lefe.

To a shailar nan ne na tafka ta.

Amma bari in fara gaya muku aikina, don ku san ba mugunta ba ce. Ilimi ne na kai inda ba a gayyace shi ba.

Shekarar da na fara aiki da Haj Ammar na tarar da shi cikin murna. Masu kanti daga Mayo har Kalakla a wurinsa suke ɗaukar kaya bashi, su sayar su kawo. Ya tara duk abin da yake bin mutane, ya haɗa da na aljihunsa, ya ga riba ta yi ƙiba, ya je ya sayo mota mai buɗaɗɗen baya. Wata bai cika ba mai sukari ya zo neman kuɗinsa. Aka shiga neman masu bashi. Wani ya rasu. Wani ya tafi haƙar zinariya arewa, wayarsa ta bi shi cikin rami. Wani kantinsa ya ƙone. Wani kuwa yana nan daram, kullum sai ya zo ya gaishe da Haj, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya sha shayi ya tafi.

Na ce, "Ya Haj, kuɗin da ke aljihun wani ba kuɗinka ba ne tukuna. Labarin kuɗinka ne."

"Za su biya, mutanen kirki ne."

"Yawancinsu za su biya. Amma duba shekarun baya. Akwai shekarar da kowa ya biya?"

Ya sosa ƙasan rawaninsa.

Na ce, "To daga yau, duk ƙarshen shekara za mu ware wani kaso daga bashin, mu ce wannan muna shakkar dawowarsa, mu cire shi daga riba tun yanzu. Mukhassas ake ce masa. Bashin da ya tsufa kasonsa ya fi yawa, sabo kaɗan ne. Abin da ya rage shi ne ribarka ta gaskiya, da ita za ka sayi mota in ta kai."

"Wato yafe musu zan yi?"

"A'a. Za ka ci gaba da bin su har da takalmi a hannu. Kanka ne kawai za ka daina yi wa ƙarya. Kuma asarar ta shekarar da ka ba da kayan ce, ba ta shekarar da ka haƙura ba. In ka bari sai ta faɗo maka gaba ɗaya, ranar da ba ka shirya ba za ta zaɓa."

"To wa da wa ba za su biya ba? Faɗa mini sunayensu in hana su kaya."

"Ba suna, ya Haj. Kakana yana shuka dawa a Jazira ya san tsuntsu zai ci rabonsa. Bai san wace zangarniya ba. Amma bai taɓa yi wa kakata alƙawarin buhunan da ya ƙirga a tsaye ba."

Aka sayar da motar da asara. Tun daga ranar ba a ƙara zuwa neman kuɗi an tarar da mu hannu rabbana ba. Wannan shi ne abin alfaharina a duniya, kuma yau da na rubuta shi na ga bai kai tsawon shafi ba.

Mu koma Mayo. Wata Juma'a bayan masallaci muka je gidansu Mawahib, ni da Yaya Sakinatu, don a tsara biki. Waliyyinta shi ne Kawu Labaran, dattijo mai rediyo a ƙirji kullum, wanda bai taɓa tashi daga kan angarib ɗinsa na ƙarƙashin darbejiya don gaida kowa ba. Angarib, ga baƙi, gadon igiya ne. Aka shimfiɗa mana tabarma kusa da shi.

Yaya ta buɗe baki. Za a kama zauren biki mai fitilu. Za a yanka sa. Za a kawo mai waƙa da kayan kiɗansa.

Na ce, "Yaya, da kuɗin wa?"

Ta dube ni kamar na tambayi da ruwan wa ake cika Nilu. "Da kashif mana, auta!"

Kashif, kun sani, shi ne gudummawar da ake tarawa a biki ko rasuwa, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, ranar naka a rama maka. Ni kuwa tuzuru mai albashi, babu bikin da aka yi daga Umbadda zuwa Mayo tun ina da gashi da ban sa hannu a aljihu ba. Yaya Sakinatu ba ta san lambar wayarta ba, amma ta san abin da na ba kowa. Ta fara jerowa, tana lanƙwasa yatsu. Auren wane. Sunan wance. Kaciyar 'ya'yan wane. Da yatsun suka ƙare ta ari nawa.

"Duk wannan kuɗinka ne a waje," in ji ta. "Ranar girbi ta zo."

Ai kuwa sai muhasib ɗin da ke cikina ya miƙe, ya gyara tabarau.

Na ce, "Yaya, a cire sulusi. Kashi ɗaya cikin uku ba zai dawo ba. Wasu sun riga mu gidan gaskiya. Wasu suna Libiya. Wasu da dinari na ba su, kuɗin da yau ko a gidan tarihi sai an yi bincike. Wanda na ba abin da ya sayi tunkiya a lokacin, in ya maido mini daidai shi yau, shayi zai saya, ba madara. A yi biki da kashi biyun. In sulusin ya zo, alhamdu lillahi, sai mu sayi fanka."

Kawu Labaran ya rage muryar rediyo. Ba a taɓa ganin haka ba.

"Ya Ustaz," ya ce, "su wane ne sulusin nan?"

Yanzu fa, auren 'ya'yan Kawu maza uku duk na ba da kashif mai nauyi, kuma duk Mayo an san hannunsa da aljihunsa ba sa ga maciji.

"Kawu, ba a kama suna. Lissafi ne na jimla."

"Uhm," ya ce, ya ƙaro rediyo.

A daidai lokacin Mawahib ta sunkuyo da tiren jabana, 'yar butar ƙasa, gahawar ciki tana ƙamshin citta, turaren wuta yana tashi a gefe. Tob, wato laffaya, ruwan ganye ne a jikinta, ta ja gefensa ta rufe baki, amma na ga idon ya fara. Tana zuba mini ta ce a hankali, "Sulusi. Na riƙe, Ustaz."

Na ɗauka yabo ne. Na dawo gida a hafila, wato bas ɗin haya, ina jin kaina kamar ministan kuɗi. An fasa zaure, an tsaya a kan rumfa a ƙofar gida da raguna, kuma har gobe ina nan a kan cewa wannan shawarar daidai ce. Ku riƙe wannan, don ita kaɗai ce daidai a cikin labarin yau.

Yanzu maganar da na ce za mu zo. Ina da shekara talatin da 'yan kai na nemi wata Hadizatu. Na sayi shaila tsaf: tob shida, takalma shida, jakunkuna, turaruka. Ana saura kaɗan a kai, wani mai aiki a Jidda ya dawo hutu da agogo mai nauyi. Ban riƙe ta a zuci ba, ni ma da na ga agogon na fahimta. Tob ɗin dangi suka raba. Amma takalman lamba talatin da shida ne, mu kuwa zuriyar manyan ƙafa ce, in muka cire takalma a ƙofar masallaci sai a ɗauka kwale-kwale aka jera. Babu wadda suka shiga. Suka zauna ƙarƙashin gadona shekara da shekaru har fatar ta fara saɓulewa. Na ƙarshensu Yaya take kashe kunama da shi.

Saboda haka da ranar sayen shailar Mawahib ta zo, kuma gwiwar Yaya ta tashi, ta ce ita za ta ji da turare da itacen ƙamshi na sandal a gida ni in je kasuwar Omdurman in sayo tob da takalma, ban tafi ni kaɗai ba. Na tafi da waɗancan takalman a cikin kaina.

Mai shagon wani mai gemu ne da ya rina da lalle. Ya zube mini kaya. Na zaɓi tob huɗu masu kyau, masu fure da ƙyalli, da takalma huɗu lamba talatin da takwas, lambar Mawahib, wadda na samo ta bakin Yaya. Na miƙa hannu zan ɗauki na biyar, sai wata murya a cikina ta ce, *Nasidi, ka taɓa ganin shekarar da kowa ya biya?*

Na ce wa mai shago, "Sauran biyun, lamba arba'in da ɗaya. Tob ɗin kuma ɗaya ruwan toka, ɗaya ruwan ƙasa."

Ya ɗago. "Amare biyu ne, ya zol?" Zol, ga baƙi, bawan Allah ke nan.

"Ɗaya ce."

"Ƙafarta tana girma ne da yamma?"

"Naɗe kawai."

Lissafina shi ne: in abin ya watse aka maido kaya, aƙalla biyu za su shige Yaya Sakinatu, ba za a yi asarar duka ba. In bai watse ba, ai takalmi ya yi yawa ba laifi ba ne, a cusa auduga. Wallahi a lokacin har daɗi na ji, irin daɗin da mutum ke ji in ya tuna ya kulle ƙofa. Mai shago ya naɗe kowane kwali da leda mai sheƙi ya ɗaura masa ƙyalle, Yaya ba ta ga ciki ba. Mata suka kai shaila Mayo da guɗa.

Washegari da hantsi ina ofis, an ɗauke wuta, ina fifita da kwalin sabulu, waya ta yi motsi.

*Ustaz, kaya sun iso. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.*

Na rubuta, *Amin Ustaza, ba yawa.* Har da fure na sa. Ni, da furfurata.

*Tambaya ɗaya.*

Sai hoto. Ƙafa mai lalle a cikin takalmi ruwan toka, yatsun hannu biyu sun shige bayan dunduniya, da sauran wurin na uku.

Na rubuta, *Kuskuren mai shago ne.* Na goge. Na rubuta, *An ce fata tana tsukewa.* Na goge. Na rubuta *Ustaza* kawai, na zauna ina kallonta.

*Na ga kana rubutawa kana gogewa,* in ji ta. *Kada ka wahalar da kanka. Ni lissafi nake koyarwa a aji huɗu. Biyu cikin shida nawa ke nan?*

Jama'a, na yi shekaru ina amsa wa masu haraji tambayoyi ban taɓa gumi ba.

Ba ta ƙara rubuto komai ba. Na kira, ba a ɗauka ba. Kwana ya kewayo, ana gab da azahar, kasuwa ta cika da ƙarar hafiloli da ihun masu kiran fasinja, sai na ga farin tob na malamai ya tsaya a ƙofar sito, tsakanin buhunan sukari. Daga makaranta take, alli a gefen hannunta. Ta gaida Haj Ammar da ladabi, ta tambayi iyali, sannan ta ajiye wata jaka a kan teburina, daidai kan lissafin sabulu.

"Sulusinka, Ustaz."

"Ustaza, zauna, bari a kawo shayi."

"Na sha." Ba ta zauna ba. "An baje kaya gaban mata. Gwaggona ta ɗaga wannan ta ce, wannan ai jirgin ruwa ne. Wata ta ce, ƙafar 'yan Umbadda ce. Sai kowa ya juya ya kalli ƙafar yayarka, baiwar Allah tana zaune tana shan lemo ba ta san komai ba. Na yi dariya tare da su. Sai da suka watse na zauna na ƙirga."

"Ba ke nake shakka ba, wallahi. Ƙa'ida ce. Ba a kama suna, lissafi ne na..."

"Na jimla. Na ji ranar Juma'a." Ta juya. "Ya Haj, mutum nawa kake bi bashi?"

Haj Ammar, wanda ya yi kamar yana ƙirga katan, ya ce, "Sun haura ɗari, 'yata."

"To shi ya sa. A cikin ɗari, dole wasu su faɗi, kuma ba ka san su wa ba, sai ka ware. Wannan hankali ne, ban musa ba, ni ma na goyi bayan a fasa zauren." Ta dawo da ido kaina. "Kai mata nawa kake nema?"

"Ɗaya."

"To wane kashi nawa ne zai gudu? Daga gwiwa zuwa ƙasa? In zan ƙi ka, Ustaz, dukata zan ƙi ka. In zan zo, dukata zan zo. Ba a kama suna? Sunana kaɗai ne a wurin."

Mai ɗaukar kaya da ya shigo da buhu a kafaɗa ya juya da shi ya fita.

Muryarta ta sauka. "Na binne miji. Ba sai an koya mini cewa abu yana ƙarewa ba. Amma na nemi a mayar da ni makarantar Umbadda, an sa hannu, an ba wata ajina daga ranar biki. Ɗakina na ba matar ƙanena, har ta sa labule. Ni ban bar sulusina a Mayo ba." Ta gyara tob a kafaɗa. "Jibi Kawu zai aika a kama masu rumfa. Ban ce masa komai ba tukuna. Ban kuma ce ka yi komai ba. Kai ne mai lissafi."

Ta fita. Na bi ta da ido har ta shige cikin jama'a.

Haj Ammar ya matso, ya buɗe jakar, ya ɗaga takalmin ya juya shi.

"Nasidi, mukhassas ɗin nan kai ka koya mini, kuma ya cece ni. Amma ni ko sau ɗaya ban kai shi gida ba."

"Na sani, ya Haj."

"Wannan ko ni zai shiga."

Da na koma Umbadda na tarar da Yaya a tsakar gida tana tuƙa asida, tuwonmu na nan. Na ajiye jakar a gabanta na faɗa mata komai, tun daga mai gemun lalle. Ta saurara har ƙarshe, muciya a hannu, kuma na yi ta lura da muciyar.

"Wato ni ce ramin da ka haƙa don zuba abin da ya rage?"

"Yaya, don kada a yi asara ne."

"Miƙo."

Ta goge ƙafa da gefen zani, ta cusa. Ta matsa. Ta miƙe ta buga a ƙasa. Dunduniya tana waje tana kallona.

"Arba'in da ɗaya! Rabona da arba'in da ɗaya tun kafin ciwon sukari. Ƙafar da muke gida ɗaya da ita ba ka sani ba, kake lissafin zuciyar wadda ke Mayo?" Ta zaro tob ɗin. "Wannan kuma fa? Ruwan toka? Ni ka ga na yi maka kama da murhu? Na gama takaba tun yaushe, auta!"

Ashe ajiyar da na yi ko ranar asarar ba za ta amfane ni ba. Na ɓata ran mace ɗaya don in tanadi abin da zai ɓata ran ta biyu.

"Yanzu ya zan yi?"

"Ni kake tambaya? Je ka tambayi tsuntsun kakanka." Ta naɗe tob ɗin biyu ta tura ƙarƙashin cinyarta. "Waɗannan kuma na riƙe, na zuwa gaisuwar mutuwa. Da naka za a fara in yarinyar nan ta kuɓuce."

Da safe na roƙi Haj rabin yini na koma kasuwar Omdurman da takalman biyu. Mai gemun lalle ya duba ƙasan takalmin da Yaya ta buga, ya nuna mini rubutun da ke bayan kansa: abin da aka saya ba a mayarwa. Na ce na sani. A aljihuna akwai kuɗin da na ware don markub ɗina na ango, takalmin fata mai kyau da na yi wata biyu ina zagayawa ina kallo. Na zube su. Na ƙara da na sabon tabarau.

"Talatin da takwas. Biyu. Ba ni wancan ja mai zare ruwan zinariya, da wancan ruwan mangwaro."

"Wannan jan, ya zol, sai mai ƙarfin hali."

"Akwai wata a gidanku da za ta iya sa shi?"

"Babu."

"Mu ma babu. Kawo."

Na ɗauki tob biyu masu launin da ke sa mutum ƙifta ido, na tsallaka wurin tela ya kalmashe bakinsu nan take, yadda ko mai shagon ubana ne ba zai karɓa ba. Ranar biki kuwa, in da rabon a yi, ku dubi ango daga idon sawu zuwa sama.

Hafila biyu da raksha ɗaya, keke mai ƙafa uku, na isa Mayo bayan la'asar, jallabiyata ta manne a baya. Tsakar gida an share an yayyafa ruwa. Kawu Labaran yana kan angarib, rediyo a ƙirji, ido a rufe. Na yi sallama, ya amsa da yatsa. Mawahib ta fito daga kicin da silifas na roba, hannunta da ƙullun kisra, gurasarmu ta dawa, ta tsaya nesa kaɗan. Ba ta ce Ustaz ba.

Na durƙusa in ajiye kwalayen a gabanta. Gwiwata ta yi wata ƙara da ta sa kaza ta canja hanya. Na buɗe jan.

Ta daɗe tana kallonsa.

"In ya matse ni fa?"

"Na yi asara."

"Ba a mayarwa?"

"An rubuta a bango."

"Babu wadda zai shiga a Umbadda?"

"Ko babban yatsan Yaya."

"In na ce na fasa?"

"Sai su koma ƙarƙashin gado. Akwai wuri, na saba."

"Duka?"

"Duka, Ustaza. Ban bar komai a baya ba. Ko markub ba ni da shi."

Ta goge hannu, ta zare silifas ɗaya, ta zura ƙafa. Ta zura ɗayar. Ta taka zuwa randa ta dawo, jan yana walƙiya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta ɗan yamutsa fuska.

"Ya ɗan ciji ɗan yatsa."

Na ce, "Bari in koma in..."

"Bar shi." Idon ya fara, wannan karon baki bai daɗe ba ya samu labari. "Zai saki da tafiya. Tashi, Ustaz, kafin a kira masu ɗaukar buhu."

Ina dafa ƙasa zan miƙe, ina jin kamar an yafe mini bashin duniya, sai na ji wani abu da ya fi ƙarar gwiwata ban tsoro. Shiru. An kashe rediyo gaba ɗaya.

Kawu Labaran ya tashi zaune a kan angarib. Ya sauko da ƙafafunsa ƙasa, abin da jikokinsa ma ba su taɓa gani da rana ba.

"Madalla," ya ce. "Gobe nake aikawa a kama masu rumfa, in na ga dama. Amma tunda yau ka fara kama suna, ya Ustaz, matso nan. Mutanen kashif ɗinka. Ni a wane kashi nake?"

Mawahib ta harɗe hannu, tana tsaye cikin jan takalminta, tana jira ta ji ko mijin da za ta aura maƙaryaci ne ko marar kunya.

Baiwar Allah mai shawara, na sa hannu a aljihun hagu. Tasbahar tana nan.